Manhajar Awo Ko Ta Kanti: Daga Wanda Ya Gwada Duka Biyun

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ke cin dukiyar 'yan kasuwa shiru, ba a jin ƙararsa sai ɓarna ta gama aukuwa. Maganar manhajar kwamfuta ce, wadda kowane kasuwanci ke buƙata da zarar ya fi ƙarfin littafi da biro. Ko dai ka sa a gina maka taka ta kanka, ko ka sayi wadda aka riga aka gama, dubban kamfanoni na aiki da ita. Ni ta farkon nakan ce mata manhajar awo, don kamar tela ne ya gwada ka, ya yanka, ya ɗinka. Ta biyun kuma manhajar kanti, wadda za ka tarar a rataye, ka zaɓi wadda ta fi kusa da jikinka. Shekara 11 ke nan ina riƙe da asusun wani kamfani mai sayar da kayan gyaran injuna a kan sari, kuma duka biyun mun sa su a jiki, kowace ta matse mu a inda ta matse mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, cikin wata guda mutum uku masu harka irin tamu suka tuntuɓe ni a kan wannan batu. Biyu za su gina, ɗaya zai saya, kuma kowannensu ya riga ya yanke shawara, so yake kawai in sa albarka. Na yi wa kowa tambaya iri ɗaya: wane aiki ne a kamfaninka da ba a yin irinsa a kamfanin da ke gogayya da kai? Babu wanda ya amsa. Na ga suna shirin taka ƙayar da muka taka, shi ya sa na ce bari in faɗa a inda mutane da yawa za su ji.

Da Excel muka fara, wato manhajar nan ta jera lissafi layi-layi, kamar kowa, kuma ba na raina shi. Lokacin da sito ɗaya gare mu, mu huɗu a ofis, ya riƙe mu tsaf. Da aka buɗe sito na biyu sai fayil ya fara haihuwa. Ranar da na tabbata mun wuce wurin, ina zaune da fayil uku a gabana, duk sunansu "kayan sito". Ɗaya an ƙara masa "sabo", ɗaya "na ƙarshe", ɗaya "na ƙarshe gyararre", kuma a kan filta iri ɗaya kowanne da adadin da ya nuna. Abokin ciniki na kan waya yana jira in gaya masa ko muna da guda 40. Sai da na tura yaro ya je ya ƙirga da hannu.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon ƙananan kamfanoni ne kaɗai. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar sakamakon mutum 15,841 da suka kamu bai shiga lissafi ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. Dalilin kuwa, ana zuba sakamakon gwaji ne a tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika sai sauran suka zube, babu ƙararrawar da ta kaɗa. Kayan aikin bai yi laifi ba, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ne.

Sai mai kamfani ya kira taro, aka ce a gina mana tamu. Hujjar ita ce wadda kowa ke kawowa: harkarmu daban ce, babu manhajar da za ta gane ta. Aka samo wani matashi mai rubuta manhaja, yaro mai ladabi da basira, kuma har yau ban zarge shi da mugun nufi ba. Ya ce wata uku ya ishe shi. Aka yi musafaha, aka ba shi kafin alƙalami, ba tare da takarda ko guda da ta ce wane ne zai mallaki abin da zai rubuta ba.

A mako na biyu ya zo da ɗan littafinsa, ya zaunar da ni da mai kula da sito da shugaban masu sayarwa, ya yi mana tambaya guda. Ya ce, "Idan abokin ciniki ya ɗauki filta 20 bashi, ya dawo da 6 bayan farashi ya tashi, da wane farashi za a rage masa bashin?" Na ce da farashin ranar da ya ɗauka. Shugaban masu sayarwa ya ce ai ya danganta da ko wane ne. Baba mai sito ya ce shi abin da ya sani, in kwalin ya yage ba ya mayar da shi kan kanta, akwai lungun da yake ajiye irinsu har sai an sami mai so a rage masa. Yaron ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To wanne zan rubuta?" Muka yi tsit. Shekara da shekaru muna aiki a ɗaki ɗaya, ashe kowa da dokarsa a cikin kansa.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don nan ne kuɗin manhajar awo yake ɓuya. Kwamfuta ba ta san "ya danganta" ba. Duk abin da kuka saba warwarewa da kallon ido da sanin halin mutum, dole a zauna a yanke masa hukunci guda, a rubuta. Irin wannan tambaya ba ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne: kayan da suka iso rabi, takardar kuɗin da aka buga da kuskure bayan an rufe wata, abokin cinikin da ya biya fiye da abin da ake bin sa, ma'aikacin da aka yarda ya ga farashin sayarwa amma ba a yarda ya ga na saye ba. Mai rubuta manhaja ba shi da amsar ko ɗaya daga cikinsu. Kai ne mai amsa, kuma lokacin da za ka ɓata wajen amsawa lokacin ciniki ne. Babu wanda ya sa wannan a lissafi ranar da aka yi musafaha. Ni kaina na yi watanni ina yin aikina na akanta da dare, don rana ta tafi wajen yi wa yaron bayanin yadda muke aiki.

Wata uku ya koma wata 14. Duk mako sai wani ya tuna wani abu da yake so a ƙara, kuma tunda telan namu ne, ba mai jin nauyin cewa a ƙara aljihu.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau yake damuna. Bayan mun fara aiki da manhajar da 'yan watanni, aka yi ƙidayar kaya, lissafi ya ƙi haɗuwa. Takardun da manhajar ta fitar sun nuna kaya sun bar babban sito da yawa fiye da waɗanda suka isa ƙaramin. Aka kira Baba mai sito, dattijon da ya riga ni zuwa kamfanin da shekaru. Ya tsaya a gaban tebur, hannayensa a baya, ya ce wa mai kamfani, "Ranka ya daɗe, ko allura ban taɓa fita da ita daga sito ba." Aka juya masa allon kwamfuta aka ce ga shi nan a rubuce. Aka yanke a riƙa cire wani abu daga albashinsa, kuma ni na sa hannu a takardar. Wata biyu ana cirewa. Sai wata rana ina tsaye a bayan wata ma'aikaciya tana shigar da kayan da za a tura ƙaramin sito, intanet ya ɗauke ana tsakiyar aiki, allon bai nuna komai ba, ta sake danna maɓallin. Na ce ta tsaya. Muka duba, manhajar ta rubuta fitar kayan sau biyu, shigarsu sau ɗaya. Muka bi baya, duk giɓin da aka ɗora wa dattijon daga nan ya fito. An mayar masa da kuɗinsa, na same shi a sito na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Akanta, Allah ya kiyaye gaba." Amma na san wata biyun nan da ya yi yana shiga sito ana kallonsa ba abin da zai biya su.

Daga baya na karanta labarin hukumar gidan waya ta Birtaniya, jikina ya yi sanyi. Manhajar Horizon, wadda aka gina musamman domin hukumar, kamfanin Fujitsu ke kula da ita, ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan gidan waya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa fiye da 900, wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Tushen abin iri ɗaya ne da namu: an gaskata allo, an ƙaryata mutum. Sabuwar manhaja, musamman wadda kai kaɗai ke amfani da ita a duniya, babu wanda ya riga ka faɗawa ramukanta. Ma'aikatanka ne za su gano su, wani lokaci da mutuncinsu.

Bayan shekara biyu yaron ya sami aiki mai kyau a wata ƙasa, ya tafi, kuma haƙƙinsa ne. Sai hukumar haraji ta canza yadda take son a fitar da takardun kuɗi. Muka nemi a gyara, sai muka gane abin da ke hannunmu manhaja ce mai aiki kawai. Asalin rubutun da ake buɗewa a gyara yana cikin kwamfutarsa. Ya yi mana kirki ya turo, muka kai wa wani gwani. Ya yi kwana uku yana dubawa, ya ce babu bayani ko layi ɗaya a kan yadda aka tsara ta, sake sabuwa ya fi masa sauƙi da arha a kan gyara wannan.

Mutane na ɗaukar manhaja kamar gini, a gama a miƙa maka mukulli. Ta fi kama da kiwo, kullum sai an ba ta abinci. Dokar haraji na canzawa, wayoyi da kwamfutoci na canzawa, tubalan da aka ɗora ta a kansu, wato ƙananan manhajojin wasu da ake harhaɗawa a gina ta, na tsufa. A Disamban 2021 aka gano wata ɓarakar da masu kutse za su iya shiga ta cikinta a wani ɗan ƙaramin tubali mai suna Log4j wanda manhajoji marasa adadi ke ɗauke da shi a cikinsu, kowane kamfani ya shiga neman wanda zai duba masa ko abin ya shafe shi. Wanda ya sayi ta kanti, kamfanin da ya sayar masa ne ke da alhakin toshewa. Wanda ya gina tasa kuma maginin ya tafi, wa zai kira? Ko gwamnatoci ba su tsira ba. A Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey a Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira tun 1959, domin manhajar biyan marasa aikin yi ta jihar ta haura shekara 40, ta kasa ɗaukar cunkoson masu nema, masu iya taɓa ta kuma sun yi ƙaranci.

Muka koma kanti. Akwai su da yawa, daga masu riƙe asusu kawai irin su QuickBooks da Sage da Zoho Books, zuwa masu haɗa asusu da sito da saye da sayarwa irin su SAP Business One da Microsoft Dynamics. Akwai kuma waɗanda asalin rubutunsu a buɗe yake ga kowa, kamar Odoo ta Beljiyam da ERPNext ta Indiya. Waɗannan na ƙarshe suna da daɗi ta wajen cewa ba a kulle ka ba, amma kada kalmar "kyauta" ta ruɗi mutum, don mai girkawa da mai kulawa da sabar, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, duk sai an biya. Ba zan faɗi wadda muka ɗauka ba, kada a ce talla na zo yi.

Gaskiya mun sami sauƙi. Cikin makonni shida muka fara aiki. Matsalar danna maɓalli sau biyu babu ita, don ta riga ta kama wasu shekaru da suka wuce an toshe. Duk wanda ya taɓa wani adadi, manhajar na rubuta sunansa da ranar da lokacin da abin da ke wurin kafin ya canza. Da muna da wannan tun farko, da ba a taɓa albashin Baba ba. Tambayar filta 6 da aka dawo da su kuwa, manhajar ta zo da amsarta, muka bi, kuma babu abokin cinikin da ya gudu. Da yawa daga cikin abubuwan da muke kira "yadda muke yi" ashe sabo ne kawai, ba su ƙara mana ko sisi.

Amma ta kanti ma tana da tarkonta, kuma saura ƙiris mu faɗa. Wata na uku shugabannin sassa suka fara kawo ƙorafi: wannan allon ba haka muka saba ganinsa ba, wancan rahoton a juya shi, a ƙara mataki a nan, a cire a can. Wakilin da ya girka mana ya ce duk ana iya yi, a biya kawai. Na tsaya kai da fata a kan a ƙi, kuma labarin Lidl na kafa hujja da shi. Lidl babban kamfanin kantuna ne na Jamus. A 2011 ya fara aikin komawa manhajar SAP domin sarrafa kayansa, a 2018 ya watsar da aikin bayan kashe kusan Yuro miliyan 500, ya koma tsohuwar manhajarsa. Jaridun Jamus sun ruwaito cewa ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne Lidl na lissafin kayansa da farashin saye, manhajar kuma an tsara ta a kan farashin sayarwa. Maimakon kamfanin ya sauya, sai aka shiga tanƙwara manhajar, gyara na haifar da gyara. Wanda ya sayi rigar kanti ya farke ta gaba da baya ya sake ɗinkawa, ya biya kuɗin kanti, ya biya kuɗin tela, kuma duk ranar da kamfanin ya fito da sabuntawa sai ɗinkin ya ɓalle. A ganina wannan ita ce hanya mafi tsada a cikin duka, kuma ita ce aka fi bi, don ba a shigarta da niyya, da kaɗan-kaɗan ake zurmawa.

Abu na biyu, yawancin manhajojin kanti yanzu haya ake ba ka, ba sayarwa ba. Kana biya duk wata ko duk shekara, sau da yawa a kan kowane ma'aikaci, wato kana girma kuɗin na girma. Mai gida kuma na iya canza sharaɗi. Adobe ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na zane a tsarin saye na dindindin a 2013, ya koma biyan kuɗi lokaci-lokaci. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen kamfanin manhaja na VMware a Nuwamban 2023, kafin shekarar ta ƙare ya sanar da daina sayar da lasisin dindindin. Kamfanonin da suka ɗora ayyukansu a kai ba a nemi shawararsu ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba cewa nake kada a yi haya ba, mu ma hayar muke yi. Cewa nake a san ƙofar fita kafin a shiga.

Ga yadda na yi da masu talla. Duk wanda ya zo nuna mana manhajarsa, ba na barinsa ya nuna da bayanansa na kwalliya. Na tara takardun rana mafi muni da muka taɓa yi: kayan da suka iso rabi, abokin ciniki mai biya kashi uku a kan takarda biyu, kayan da aka dawo da su bayan an rufe wata. Sai in miƙa masa in ce, "Malam, shigar mini da waɗannan ina kallo." Daga nan in ce, "Ranar da za mu rabu, yaya zan kwashe bayanaina?" Kowa cewa yake ai da sauƙi. Sai in ce a yi yanzu. Akwai wadda ta burge mu ƙwarai, amma da aka fitar, sunayen abokan ciniki da jerin kaya suka fito lafiya, tarihin wane biya ne ya shafi wace takarda kuwa bai fito ba. Ga mai bin bashi, wannan tarihin shi ne dukiyar. Muka bar ta duk da kyan allonta.

Yanzu in koma tambayar da na yi wa mutanen nan uku, don mu ma sai da muka sha wuya muka amsa ta. Albashi, haraji, littafin asusu, rasit, ƙidayar sito: kowane kamfani a duniya iri ɗaya yake yi, kuma babu abokin cinikin da zai zo wurinka don kana lissafin albashi da salo na musamman. Gina waɗannan da kanka asara ce. Amma akwai abu guda da manhajar kanti ta kasa yi mana. A harkar kayan injuna, abu ɗaya na iya samun lamba biyar ko shida: lambar kamfanin da ya ƙera injin, tsohuwar lambar da ya sauya, da lambobin wasu kamfanoni da ke ƙera irinsa. Makanike zai zo da tsohuwar filta a hannu, lambar ta goge rabi, ya ce irin wannan yake so. A wani shagon a ce masa babu, alhali tana kan kanta da wata lamba. A wurinmu ana samo masa. Wannan ne ya sa ake tsallake wasu a zo gare mu.

Ina wannan ilimi yake? A cikin wani littafi mai baƙin bango da Baba mai sito ya yi shekaru yana rubutawa da hannunsa, gefen shafukan duk sun yi baƙi da man inji. Wace lamba ce ke maye gurbin wace, wacce ce ke shiga amma zarenta ya ɗan bambanta, wacce ce ake cewa iri ɗaya ce amma ba ta jure zafi. Wata 14 muka yi muna gina abin da ake samu a kowane kanti, ba mu taɓa buɗe littafin nan ba.

Shi muka gina. 'Yar ƙaramar manhaja ce, aikinta ɗaya: ka buga kowace lamba, ko da rabinta ne, ta nuna maka duk 'yan uwanta da gargaɗin da Baba ya rubuta a kansu, sannan ta tambayi manhajar kanti ko akwai su a sito ta ƙofar da ake kira API, wadda manhajoji ke magana da juna ta cikinta. Ba mu taɓa cikin manhajar kanti ba, don haka duk sabuntawar da ta zo wucewa take lafiya. Wata biyu aka yi ana aikin. Wannan karon da takarda: asalin rubutun na kamfani ne, yana ajiye a ma'ajiyar da mu ke riƙe da kalmar sirrinta, ana biya mataki-mataki bayan mun gwada da hannunmu, an rubuta bayanin yadda aka tsara ta, kuma kafin biyan ƙarshe muka kawo wani mai rubuta manhaja daban ya girka ta daga farko da bayanin kaɗai, ba tare da ya kira maginin ba. An kuma ware kuɗin kulawa na kowace shekara tun ranar farko.

Don haka ban zo in kashe wa matasa masu rubuta manhaja kasuwa ba. Akwai inda ginawa ita ce daidai, har ta zama arziki. A 2004 Tobias Lütke da abokansa suka so sayar da allunan sulu a kan dusar ƙanƙara ta intanet a Kanada, bai gamsu da manhajojin da ke kasuwa a lokacin ba, ya rubuta tasa. Ita ce ta zama Shopify a 2006, manhajar da 'yan kasuwa ke buɗe shago a intanet da ita. Sai dai a lura da abu biyu: shi kansa gwanin rubuta manhaja ne, ba haya ya ɗauko ba, kuma abin da ya gina shi ne zuciyar kasuwancin, ba gefensa ba. Roƙona ga matasanmu masu wannan sana'a shi ne, in ɗan kasuwa ya ce ku gina masa manhajar albashi ko ta asusu, ku gaya masa gaskiya cewa akwai ta a kanti, ku taimaka masa ya zaɓa ya girka, sannan ku tambaye shi ina littafinsa mai baƙin bango yake. A can ne aikinku zai yi daraja, kuma a can ne zai daɗe yana nemanku.

Kai kuma Malam Edita, ina da roƙo. Mukan ga labarin ranar da kamfani ya ƙaddamar da sabuwar manhaja, da hotuna da jawabai. Ina so wakilanku na shafin kasuwanci su riƙa komawa bayan shekara uku, su zauna da akanta da kashiya da mai sito, su tambaye su wa ke gyara ta yanzu, nawa aka kashe bayan kuɗin farko, kuma in aka so barinta gobe, bayanan za su fito ko ba za su fito ba. Amsoshin nan za su amfani masu karatu fiye da hoton yanke ƙyalle.

Baba mai sito ya kusa ritaya. Har yanzu bai yarda ya rabu da littafinsa ba, kuma ba wanda ya ce ya rabu da shi. Ƙarshen kowane mako yakan zauna da yarinyar nan da ta danna maɓalli sau biyu, yana karanto mata sababbin lambobin da ya gano a makon, tana shigarwa, in ta yi kuskure ya sa yatsa a kan shafin ya ce, "A'a 'yata, duba da kyau, wannan takwas ce ba uku ba." A kan allon, ƙarƙashin kowace lamba da ta fito daga littafin, akwai ɗan layin da ke nuna wanda ya tabbatar da ita. Ni na nemi a sa wannan layin, kuma sunansa ne a kan mafi yawansu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani akanta, mai karatunku na kullum